Daga Singafo zuwa New York: Me Ke Yanke Tsawon Tafiya a Sama?



Tsakanin filin jirgin sama na Changi a Singafo da na John F. Kennedy a New York akwai tazarar kilomita kimanin 15,300. Tun shekarar 2020 kamfanin Singapore Airlines yake wannan jigila ba tare da ya da zango ba, da jirgi ƙirar Airbus A350, cikin awa 18 zuwa 19. Ɗalibin lissafi zai raba nisa da gudun jirgi ya ce ya sami amsa. Matuƙi kuwa sai ya duba abubuwa uku kafin ya tashi.

Na farko, siffar duniya. A taswirar bango, ido zai ja miƙaƙƙen layi tsakanin biranen biyu. Amma duniya dunƙulalliya ce. Ku sami ƙwallon taswira, ku ɗora zare daga Singafo zuwa New York, ku ja shi ya yi tsauri. Za ku ga ya haura arewa, ya bi ta yankin ƙanƙara na ƙuryar duniya. Wannan ita ce hanya mafi gajarta.

Na biyu, iska, kuma a nan nake so mu tsaya. A can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda manyan jirage suke tafiya, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ya bi ta, tura shi take yi. Wanda ya tunkare ta, sai ya ƙona mai ya kuma ɓata lokaci. Shi ya sa jirgin Singafo zuwa New York yakan tafi ta tekun Fasifik, ya komo ta Atlantika da Turai, zuwa da dawowa duk yana fuskantar gabas. Ya ƙara kilomita, amma ya rage awanni. A watan Fabrairun 2020, wannan iska ta kai jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin fiye da awa 6.

Na uku, zaman lafiya. Da Rasha ta rufe sararinta ga jiragen Turai a 2022, tafiya daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa 9 zuwa 13. Mu ma mun ɗanɗana: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, jiragen alhazanmu sai da suka yi zagaye kafin su isa Saudiyya.

Siffar duniya da iska ikon Allah ne, namu shi ne mu karance su. Rufe sarari kuwa aikin ɗan Adam ne, kuma fasinja ke biyan kuɗinsa. Ina roƙon malamai su koya wa yaranmu labarin ƙasa da ƙwallon taswira a hannu, domin cikinsu ne matuƙan gobe za su fito.