Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Tayarod Ɗin Tsofaffin Motocinmu



Da aka nemi mu yi jawabi bana, wasu sun zaci a kan ilimi za mu yi magana, tunda a aji muka ƙare ƙuruciyarmu. To, za mu ɗan ratse. Da safen nan mun zagaya filin da kuka ajiye motocinku, mun ga galibinsu sun kwana biyu, wasu tokumbo ne, wasu kuma irin tamu ce, Peugeot 504 wadda aka haɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. A cikin waɗannan motoci kuka ɗebo mata da yara. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana kan wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira tayarod.

Tayarod sanda ce ta ƙarfe da ke haɗa injin sitiyari da ƙafar gaba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan direba ya murza sitiyari, ita ce ke tura taya ko ta jawo ta. A bakinta akwai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin gurbinsa, an cika shi da giris, an rufe da roba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar robar nan ta fashe, ƙurar rani da ruwan damina za su shige, giris ya koma yashi, ƙwallon ya yi ta cinyewa har ya fara lilo. Hanyar garinmu kuwa, kun san ramukanta da gargadarta, tana gaggauta wannan lalacewa.

Mun koyi wannan darasi da jikinmu. Wata shekara muna dawowa gida da iyali, sai muka riƙa jin ƙwas-ƙwas a gaba duk lokacin da muka faɗa rami. Muka ce bari a kai gida, bayan Sallah a duba. Muna gangarawa mashigin rafi a hankali, sai tayarod ɗin dama ya fita daga gurbinsa, taya ta karkace ta kama gabanta, mota ta gangara cikin gona, sitiyari yana hannunmu amma ba ya da wani amfani. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, domin tafiyar kura muke yi. Da a kan kwalta abin ya faru muna gudu, da wani ne ke tsaye a nan yana yi muku jawabi.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Sitiyari zai yi sako-sako, ku murza kaɗan taya ba ta amsa ba. Mota za ta riƙa yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya, sai kun yi ta gyara mata zama. Za ku ji ƙara a kan gargada, kuma tayar gaba za ta cinye ta gefe ɗaya ta bar ɗayan. Gwajin ma mai sauƙi ne. A ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da kyau, a kama taya da hannu biyu, ɗaya a gefen gaba ɗaya a gefen baya, a girgiza. Idan tana motsi tana ƙara, a sa wani ya leƙa ya ga ko bakin tayarod ne ke wasa.

Idan an tabbata ya mutu, magani ɗaya ne, a canza shi. Muna roƙonku kada ku yarda a daddoke gurbin da guduma wai don ya matse, ko a ɗaure shi da robar tsohon tub. Wannan rufa ido ne kawai. Ku tsaya a kan aikin. Makanike na ƙwarai yakan ƙirga zagaye nawa ya warware tsohon, ya ɗaura sabon daidai da haka, ya ƙulle noti, inda kuma ake sa fin ya sa sabon fin, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Ku sa a duba ɗaya ɓangaren, domin tare suka sha wahalar hanya, sau da yawa tare suke tsufa. Bayan haka a kai motar a daidaita ƙafafunta, abin da ake kira alaimen, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye cikin 'yan watanni. Wajen sayen kaya kuma ku tuna araha ba ta ado. Kasuwa cike take da jabu, ku tafi da wanda ya san na gaske.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jami'anta na iya ƙoƙarinsu, amma ba za su shiga ƙarƙashin motar kowa ba. Wannan nauyi yana wuyan mai mota. Mun gaji da zuwa ta'aziyyar yaran da muka koya wa karatu, waɗanda garin nan ke sa ran za su ɗauke shi gobe.

Shawararmu ita ce, mako biyu kafin kowace tafiya gida, a kai mota gareji a duba sitiyari, birki da tayoyi. Muna kuma roƙon shugabannin rassa su riƙa haɗa wannan tunatarwa cikin takardar gayyatar taro. Waɗanda za su koma gobe kuma, akwai makanikai a bakin tasha, ku sa a ɗaga motar tun yau da yamma.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu baɗi.