Ruwa da Kwata a Bauchi: Yadda Wariya Ke Gadar Wariya



Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902. Ba su zauna cikin ganuwar Malam Yakubu ba, can waje suka kafa barikinsu. A 1917 gwamnatin Lugga ta kafa dokar tsara birane, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar filin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai kada sauro ya kwaso musu zazzaɓi daga jikin yaranmu. Daga wannan tsari ne unguwannin GRA suka samo asali, da manyan filaye da inuwar itatuwa da tituna da magudanan ruwa.

Bayan 1960 launin fata ya daina zama izinin shiga waɗannan unguwanni, muƙami da kuɗi suka maye gurbinsa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Mai takardar mallaka yakan kai ta banki ya karɓi bashi, wanda ya gaji gidan ƙasa a cikin gari kuwa, sau da yawa shaidarsa mai unguwa ne da maƙwabta. Waɗanda rikicin Filato da na Borno suka koro sun yada zango a bakin gari, inda titi da famfo ba su kai ba.

Jama'a, mu dubi ruwan sha. Madatsar Gubi ce ke shayar da birnin nan, amma famfo bai isa kowane lungu ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya ɗora tanki. Talaka sai ya jira ɗan garuwa ya turo kura da jarkoki, ya saya da tsada, ko ya ja guga a rijiyar da ke dab da masai. Damina na sauka, leda ta toshe kwata, ƙazanta ta malalo har cikin zaure. Ruwa ba ya tsami banza: a annobar kwalara ta 2021, Bauchi tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa. A gidan da cutar ta shiga, uwa ta ajiye suyar ƙosai ta koma jinya, jari ya tafi a magani, yarinya ta bar makaranta ta ɗauki talla. Haka talaucin iyaye ke zama gadon 'ya'ya.

Kirana ga malamai da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa shi ne ku shiga unguwa-unguwa, ku zana mana taswirar famfo da kwata da bola. Hukumar kare muhalli ta BASEPA da hukumar ruwa kuma su fara aiki daga inda buƙata ta fi tsanani, a kuma sauƙaƙa wa talaka samun takardar gidansa. 'Yan majalisarmu, in za ku amince da kasafin kuɗi, ku tambayi unguwar da kowace naira za ta je.