Me Ya Rufe Masaƙun Kakuri?



Duk wanda ya san unguwar Kakuri ta Kaduna a shekarun 1980 ya san jiniyar canjin aiki. Da ta yi kuka sai titi ya cika maƙil: masu tashi da ƙurar auduga a gashin kai, masu shiga bisa kekuna, ga masu koko da ƙosai sun jeru a bakin ƙofa, ga mai shayi, ga mai faci. Albashin ma'aikaci guda ya ciyar da iyalinsa, ya biya haya, ya kai har ƙauye. Abin da masana ke kira bunƙasar arzikin da ta game kowa ke nan, kuma Arewa ta taɓa ganinta da idonta.

A 1957 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar KTL. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ana ɗauko musu auduga daga Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Sana'ar kuwa ta gado ce, domin Baturen matafiyi Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da tufafinta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

KTL ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007.

Akan ɗora laifin kan 'yan fasa-ƙwauri, kuma suna da kasonsu. Amma ɗan fasa-ƙwauri bai ratsa daji da kaya sai ya ga riba, ribar kuwa tsadar yadin gida ce ta ba shi ita. A 1986 tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tashin gwauron zabo. A shekarar ce aka rushe hukumar auduga, manomi ya rasa ingantaccen iri da tabbataccen mai saye. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuya. Masaƙar da ke kwana kan janareta ta yaya za ta kara da ta Sin wadda wutarta ba ta ƙiftawa? Da aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, an buɗe ƙofa ne a kan majinyaci.

A dubi Bangaladesh. Kusan duk audugar da take amfani da ita sayo ta take yi daga waje, amma yau tufafi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa, kuma mutum wajen miliyan 4 ke cin abinci a harkar, mata da yawan gaske a cikinsu. Mafarin ƙarami ne. A 1979 kamfanin Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu su koyi aiki a wurin kamfanin Daewoo. Da suka dawo, da yawansu suka kafa nasu kamfanonin. Gwamnati ta yarje wa mai ɗinki ya shigo da yadi ba haraji muddin waje zai sayar da rigar, bankuna kuma suka riƙa ba shi lamuni bisa odar da ke hannunsa. Akwai baƙin tabo, ba a ɓoye shi: ginin Rana Plaza ya rufta a 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100. Araha da ake samu da ran ma'aikaci ba abin koyi ba ce. Abin koyin shi ne yadda hukuma ta zauna ta rage wa mai sana'a kuɗin da yake kashewa.

Nijeriya hani ta fi ba ƙarfi. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala, aka kuma rufe iyakokin ƙasa fiye da shekara guda. Mai shakkar sakamakon ya zaga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya juya bakin atamfa ya karanta inda aka yi ta.

Man fetur yana kawo dala, amma hannaye kaɗan yake ɗauka aiki. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ga kuma yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka da Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, wadda ke nufin katangar haraji za ta yi ta raguwa, kowa ya shiga kasuwa da farashinsa.

Saboda haka kira ga gwamnoni da 'yan majalisar Arewa: su tsaya kai da fata bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya kai gas har ƙofar masana'antun Kakuri da Sharaɗa da Chalawa a farashin da za su iya biya. Su ba cibiyar binciken noma ta Samaru kuɗin da irin audugarta zai isa hannun manomi kafin saukar damina. Ɗalibai kuma, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, su tambaye shi nawa ake kashewa a saƙa yadi ɗaya a Kano, da yadda zai rage kuɗin.