Sadaka Daban, Haƙƙi Daban: Nakasassu a Salga, Yandi da Bawku

Gaisuwa ga sarakunan zango, da malamai, da iyaye mata, da 'yan uwa masu lalurar gani da ji da tafiya, waɗanda wannan zama nasu ne tun kafin ya zama na kowa.

A watan Janairun 2013 Shugaban Ghana John Dramani Mahama ya miƙa wa majalisa sunan Dokta Henry Seidu Daanaa domin ya zama ministan harkokin sarauta da al'adun gargajiya. Daanaa ɗan arewacin Ghana ne, lauya ne, ya kuma daɗe yana aikin bincike a kan sarautun ƙasar, har ana iya cewa ya fi wasu masu sarautar sanin tarihin gidajensu. Makaho ne. Nan take wasu sarakuna suka tada jijiyar wuya, suka ce al'ada ta hana basarake yin mu'amala da makaho, don haka ba za su karɓe shi a fada ba. Babu wanda ya ce bai san aiki ba, babu wanda ya ce ya taɓa cin amana. Idonsa kawai aka duba. Majalisa ta tabbatar da shi, ya riƙe ma'aikatar har ƙarshen wannan gwamnati, sarauta kuma ba ta rushe ba.

Abin da ya sa wannan labari ya dace da buɗe magana shi ne lokacin da ya faru. A ranar da ake wannan cacar baki, dokar kare haƙƙin nakasassu ta Ghana, wato Doka ta 715 ta shekarar 2006, ta shiga shekararta ta bakwai. Sashe na 29 na kundin tsarin mulkin 1992 ya riga ya haramta wulaƙanta mai nakasa. Watanni kaɗan kafin nan, a 2012, Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Takarda ta cika, amma zukata suna nan inda suke. In har mai digirin dokta, wanda shugaban ƙasa ya zaɓa da kansa, zai sha wannan, ina ga yarinya kurma a wani ƙauye bayan Kpembe, ko gurgun da ke jan jiki a tashar motar Yandi?

Dokar 2006 ba ƙaramar doka ba ce. Ta tanadi ilimi kyauta ga yaro mai nakasa, ta yi wa mai ɗaukar nakasasshe aiki rangwamen haraji, ta hana kiran mutum da sunan izgili saboda lalurarsa. Ta kuma bai wa masu gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 10 su gyara su yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya ƙare a 2016. Duk mai son sanin inda aka kwana ba sai ya je Akra ba. Ya tsaya da hantsi a bakin kowane ofishi mai bene a garinsu. Zai ga mai keken guragu ya iso, ya yi birki a gindin matakala, ya ɗaga kai. Ba shi da yadda zai yi sai ya kira yaro mai wucewa, ya ba shi takardarsa ya hau da ita. In jami'in mai kirki ne ya sauko, a yi maganar a tsakar rana, masu wucewa suna jin sirrinsa. In ba haka ba, samari huɗu su kinkime shi da keken, rigarsa ta tattare, hularsa ta faɗi, magidanci mai 'ya'ya. Su samarin sun sami lada. Shi kuwa ya koma gida da ƙudurin ba zai sake zuwa ba, kuma a littafin ofishin za a ce nakasassu ba sa zuwa neman haƙƙinsu.

Arewacin Ghana ya san nakasa tun kafin a san doka. A 1950 wani Bature makaho, John Wilson, ya zo da matarsa Jean ƙauyen Nakong, suka tarar da gari inda makanta ta zama tamkar furfura, abin da kowa ke jira in ya manyanta. Baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu na rassan kogin Bolta yake cizon mutane, ya bar musu tsutsa a jiki, ta jawo ƙaiƙayi na shekaru, a ƙarshe ta cinye ido. Mutane suka gudu daga fadamu masu albarka suka koma tudu mai tsakuwa. Wilson ne ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sightsavers. Daga 1974 zuwa 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka gudanar da gagarumin shirin yaƙi da wannan cuta mai hedikwata a Wagadugu, jiragen sama suna fesa magani a koguna, sannan daga 1987 kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta. Aka koma noman fadamun. Kurkunu, wanda ya sha kwantar da manoman ƙasar Gwanja damina guda, an ga na ƙarshensa a Ghana a 2010, aka tabbatar da ƙarewarsa a 2015. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Ghana ta shawo kan amosanin ido.

Waɗannan nasarori ne na gaske, kuma sun nuna cewa in an sa niyya da kuɗi ana iyawa. Sai dai duk yaƙi ne da cuta. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, an kafa shi don tunawa da wancan shiri. Ɗan zango ba ya buƙatar a fassara masa wannan siffa, ɗan jagora ne, yana ganinsa kowace Juma'a. Tambayar da ba a yi da ƙarfi ba ita ce: yaron nan, wace makaranta ya bari ya riƙe sandar? Dattijon kuma, wa ya yanke cewa aikinsa ya ƙare ranar da idonsa ya rufe?

An ba da amsa a Garu, kudu da Bawku. Tun shekarun 1970 cocin Presbyterian ya buɗe cibiya a can don manoman da waccan cuta ta baƙin ƙuda ta makantar, ana koya musu komawa gona, da kiwo, da lambun rani, a ƙasar da albasarta ta yi suna har Kumasi. Daga baya aikin ya faɗaɗa ya haɗa da sauran masu lalura, ana bin su gida-gida a garuruwansu. Sashen ido na asibitin Presbyterian da ke Bawku kuwa marasa lafiya har daga Burkina Faso da Togo suke zuwa. Abin da Garu ta tabbatar shi ne manomi makaho manomi ne, in an ba shi horo da iri da wanda zai yarda da shi.

Su nawa ake magana a kai? Ƙidayar 2010 ta ce kashi 3 cikin ɗari na 'yan Ghana. Ƙidayar 2021 ta ce kashi 8 cikin ɗari na masu shekara biyar zuwa sama, mutum fiye da miliyan biyu, kuma sun fi yawa a karkara da cikin mata. Ba annoba aka yi a tsakani ba, tambayar aka sauya. Da, ana tambayar maigida ko akwai nakasasshe a gidansa, ya ce babu, alhali yaron yana ɗaki a kulle. A 2021 sai aka tambaya ko akwai mai shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu. Tazarar da ke tsakanin 3 da 8, wani ɓangare nata kunya ce aka auna.

A nan ya wajaba Hausawan zango su dubi kansu. Fataken goro da suka raya Salga, suka yada zango a Yandi da Bawku, sun zo da addini da karatu, sun kuma zo da wata al'ada mai fuska biyu. A ƙasar Hausa ba a jefar da mai nakasa. A Kano akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu jama'a da faɗa a ji. Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kuramen Kano suna da maganar hannu tasu wadda ba Bature ya koya musu ba. Wannan fuska ɗaya ke nan, abin alfahari. Ɗaya fuskar ita ce al'umma ta yanka wa nakasasshe sana'a guda tun yana goye: bara. Ran Juma'a an jera a ƙofar masallaci, mai wucewa ya jefa silalla a ƙoƙo, ko ya ce "Allah ya ba mu," ya cire takalmi ya haye matakala ya shige sahun gaba. Mai keken ya yi sallarsa a waje cikin rana, don ginin da aka tara kuɗi aka yi da sunan Allah bai bar masa hanya ba, wurin alwalar ma ba ya shiguwa. Ana cewa sadaka maganin masifa. Gaskiya ne, amma mai bayarwa take karewa. Mai karɓa gobe ma yana nan a wurin.

Malamai sun fi kowa sanin cewa ba haka aka faro ba. Surar Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi. Wannan sahabi ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an sha bar masa riƙon Madina in an fita. Muƙami aka ba shi da amana. Wannan hujja ta ishi kowane limami huɗuba, ta kuma ishi kowane kwamitin masallaci dalilin sayen buhun siminti biyu a zuba gangara a ƙofa.

Makaranta ita ce babbar mararraba. Ghana ta fitar da manufar ilimin bai-ɗaya a 2015, wadda ta ce yaro mai lalura ya yi karatu a makarantar unguwarsu tare da sa'o'insa. Amma malami ɗaya mai aji cike maƙil, bai san rubutun makafi ba, bai san maganar hannu ba, me zai yi? Sai a koma ga makarantun kwana na musamman. Kurma daga Salga ko Yandi sai Savelugu, arewa da Tamale. Na yankin Bawku sai Gbeogo a ƙasar Talensi. Makaho kuwa, makarantar da aka fi sani a arewa tana Wa, sai yaro ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Uwa da yawa ba za ta saki ɗan shekara shida ya yi wannan nisa ba, kuma ba a ga laifinta ba. Wanda ya samu ya je, ya dawo da harshen hannu na Ghana, wanda ya samo asali daga makarantar da Andrew Foster, kurma baƙar fatar Amurka, ya buɗe a Akra a 1957, sai ya tarar a gidansu babu mai jin sa. Mace kurma mai ciki ta je awo, ɗanta ɗan shekara tara ne tafintanta, a gabansa ake tambayarta abin da ko miji sai da kunya.

Mafi tsanani shi ne halin masu taɓin hankali da masu farfaɗiya. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu. An yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, an haramta ɗaure marar lafiya da mari a 2017, amma dangin da ba su da magani kusa, ba su da kuɗin mota, sarƙa suke komawa. Tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama, tana sambatu ko tana fita da dare, ba wuya a ce mayya ce. A Gnani, kusa da Yandi, akwai matsugunin waɗanda aka kora daga garuruwansu da zargin maita. A Kafaba, kusa da Salga, a watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a bainar jama'a kan wannan zargi. Majalisa ta zartar da dokar hukunta masu jifan mutane da maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Bawku tana da ƙarin nata nauyin. Rikicin sarautar da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana ƙara yawan masu rauni na dindindin, kuma in harbi ya tashi mai ƙafa ne ke tsira. Kurma ba ya jin an ce a tsaya, makaho bai san ta ina hayaƙi ya taso ba. Duk wani zaman sulhu ko rabon agaji da ba a sa su a lissafi ba, an bar waɗanda suka fi kowa shan wuya.

Akwai kuɗin da doka ta ware, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Daga asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi ana cire wani kaso domin nakasassu; an fara da kashi 2 cikin ɗari, daga baya aka ƙara zuwa 3. Majalisar Gonja ta Gabas da ke Salga tana da nata, ta Yandi da ta Bawku ma haka, kuma akwai kwamiti da ofishin jin daɗin jama'a da ke kula da shi. Koken da ƙungiyoyin nakasassu suka daɗe suna yi a faɗin ƙasar shi ne kuɗin yana makara, kuma sau da yawa a sayo kaya a raba ba tare da an tambayi mai karɓa abin da yake buƙata ba: a ba mai son jarin awaki firji, alhali ƙauyensu babu wuta. Wannan kuɗi ba kyautar wani ɗan siyasa ba ne, bai kamata a sa mutum ya durƙusa yana godiya a gaban kyamara kafin ya karɓa ba. Gamayyar ƙungiyoyin nakasassu ta Ghana tana nan tun 1987, kuma da matsin lambar irin waɗannan ƙungiyoyi ne makaho ya sami jakar ƙuri'a mai alamun taɓawa a zaɓen 2004, ya daina raɗa wa wani wanda yake so.

Saboda haka roƙon yana kan waɗanda ke zaune a nan. Sarakunan zango su aika a tambayi majalisar gunduma nawa ya shigo asusun nakasassu a bana, wa ya karɓa, a karanta a bainar jama'a. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su gyara ƙofa da wurin alwala kafin azumi mai zuwa. Asibitocin garuruwan nan uku kowanne ya tura ma'aikaci ko da ɗaya ya koyi maganar hannu. Iyayen da ke da yaro a ɗaki kuwa, don Allah su fito da shi, su kai shi a rubuta sunansa a makaranta ranar Litinin.