Saniya ukku ba garke ba ce: jawabi ga makiyayan Azagor



Duk sa'ad da masu bincike suka zo ɗibar jinin bisashe, tambayarku guda ce: "Malam, jinin saniya ukku bai isa ba?" To, ga amsa.

A jikin saniya akwai ƙwayoyin gado wajen 22,000; an ƙididdige su a shekarar 2009. Ba duka ke aiki lokaci guda ba. In ciwo ya shigo, waɗansu su farka, waɗansu su yi barci. Masana na auna wannan cikin jini don su gane dalilin da wata saniya ke jimrewa, wata ta faɗi. Haka aka yi a cibiyar ILRI ta ƙasar Kenya, inda aka gwada shanun Ndama masu jimrin sammore da shanun Boran da ba su da shi. Masu zuwa kudu cin rani kun san sammore.

Matsalar ita ce: ƙwayoyi dubbai, shanu kaɗan. In an yarda da kuskure ɗaya cikin 20, ƙwayoyi 1,100 za su nuna bambanci ko da babu komi, dace ne kurum. Kamar ka yabi bijimi don ɗiyarsa guda ta yi nono, alhali damina ce ta yi kyau.

Masu lissafi na da dabara biyu. Ta farko, tun 1995, ita ce tankaɗe sakamako don rage na ƙarya. Ta biyu, ba a yanke wa ƙwaya guda hukunci ita kaɗai. Sai an duba yadda sauran dubban ke hawa da sauka. Dabarun na taimako, amma ba su ƙara saniya ko ɗaya. Kwalba ukku daga saniya guda, saniya guda ce.

Saboda haka ga roƙona:

1. Ku bari a ɗiba a garke da yawa, ba na mutum guda ba.
2. Kada ku turo masu ƙiba kaɗai. Ramammu ma a gan su.
3. Ku faɗi gaskiyar shekarunta, ko tana da ciki, da ranar da ta sha magani.

Jinin da ake ɗiba bai wuce cokali guda ba, ba ya rage nono. Amma in sakamako ya karkace, ku za ku sayi bijimin da bai dace ba.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare dukiyarmu. Mai tambaya, bisimilla.