Jawabina a taron 'yan fansho: katin asibiti

Magana ɗaya ce ta tsayar da ni.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya, muddin yana aiki, inshorar lafiya tana ɗauke da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya. Ranar da ya cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, sai a sallame shi, katin ma ya mutu. Daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga suka fara yi masa sallama! Haka na gani ga mahaifina: fanshonsa a kemis yake ƙarewa, wani watan sai ya riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi.

A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. To, dattijon da ya ajiye aiki ba ya cikin kowa ne? A riƙa cire ɗan wani abu tun mutum yana aiki, gwamnati ta cika sauran, katinsa ya bi shi gida. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku yi masa wannan tambayar kafin a shimfiɗa masa tabarma.