ƊALIBI TSAKANIN AJI DA GADON ASIBITI: NAUYIN WA NE?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa, injiniyan gine-gine kuma ɗan asalin yankin, ya gabatar a gaban iyaye da ɗalibai daga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Mun kawo shi saboda muhimmancinsa.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, duk wanda ya hau mota daga Gwarzo ko Kabo zuwa cikin Kano, kafin ya isa Rijiyar Zaki sai ya wuce ta ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Wannan hanya ɗaya ce take kai 'ya'yanmu jami'a, ita ce kuma take kai marasa lafiyarmu manyan asibitocin birni. Maganata a yau a kan gidan da tafiyoyin nan biyu suka haɗe masa ne a lokaci guda: ɗa yana karatun injiniya, uba ko uwa na kwance, aljihun da za a duba kuwa guda ɗaya ne.

Matsayin wannan ilimi

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa duk sana'ar da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da ita farillar kifaya ce. Wato idan wasu suka tsaya mata, an ɗauke wa saura. Idan kowa ya bar ta, laifin ya hau kan kowa. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa a wannan babi, har ya koka da garuruwan zamaninsa da suka cika da masu fatawa amma babu likita Musulmi.

Mu dubi yankinmu. Dam ɗin Guzuguzu yana ƙasar Kabo, na Challawa da aka kammala a 1992 yana maƙwabciyarmu Ƙaraye, na Tiga kuwa tun 1974 yake ciyar da manoman rani. Kowannensu tulin ƙasa ne da aka danne ruwa da shi bisa lissafi, kuma yana bukatar mai ilimin da zai riƙa duba shi. Dattawan da ke nan ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba. A watan Satumban 2024 kuma mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri. Ashe ke nan yaron da ke koyon ƙarfin ƙasa da nauyin ruwa yana ɗauke mana wata farilla ce da ke wuyanmu duka. To in farillar ta jama'a ce, don me za a bar wa gida ɗaya ɗawainiyarta?

Ƙofofin karatun kam an buɗe su. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, inda 'ya'yan talakawa da yawa suka fito suka zama likitoci da injiniyoyi. A 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a nan Kabo, a 2025 kuma aka sa hannu a dokar mayar da ita jami'a. Shiga ta yi sauƙi fiye da da. Abin da yake gagarar yaranmu shi ne zama a ciki har a kai ƙarshe.

Abin da ya faru da ni

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in ba ku labarin kaina. A farkon shekarun 1990 nake jami'a, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu da aka soma a 1986 ya gama karya darajar Naira. Mahaifina manomi ne, dawa da gyaɗa yake nomawa, yana da bijiman huɗa guda biyu. Ina aji uku, saura mako uku a fara jarrabawa, aka aiko mini cewa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ashe ya daɗe da hawan jini, ba wanda ya sani, domin bai taɓa zuwa an auna shi ba.

Ni ne ɗan fari, ƙannena duk yara ne. Na bar littattafaina a ɗakin kwana na tafi. Wata biyu muka yi a asibiti a birni, ni ke juya shi, ni ke yi masa alwala, ni ke layin sayen magani. Aka sayar da bijimi ɗaya, aka bi da na biyu, daga nan aka jinginar da gonar fadama. Da aka sallame mu kuma sai zuwa gashi duk mako, kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum.

A nan na yi kuskuren da nake so ɗalibai su ji da kyau. Ban rubuta wa makaranta komai ba. Kunya ta hana ni gaya wa malamaina, ina ganin kamar roƙo ne. Aka yi jarrabawa ba ni, aka rubuta mini faɗuwa a dukkan darussan zangon. Da na kai takardar asibiti na nemi a jingine mini karatu a kan ƙa'ida, da shekara kawai zan rasa. Sai ga shi na rasa shekara, makin da na tara kuma ya zube, har na gama ban iya mayar da shi yadda yake ba. Laifin nan nawa ne, ba na kowa ba.

Na riga na yanke shawarar barin karatu in kama noma. Wata rana da daddare mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda alkunya, ta ce da ni: "Kai wannan, zamanka a nan ba zai tayar da shi ba. In ka zauna, mun yi asara biyu ke nan." Na ce, "Inna, wa zai riƙa ɗaga shi? Da me kuma zan koma?" Ba ta ba ni amsa ba. Washegari ta tafi wurin gwaggona, ta kuma aika wa limamin unguwarmu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Gwaggo ta turo ɗanta ya dawo gidanmu da kwana. Bayan sallar asuba liman ya tsayar da mutum bakwai, a cikinsu akwai tela da mai shayi da wani direban motar haya. Direban ya ɗauki nauyin kai mahaifina gashi kyauta. Sauran suka yi alkawarin abin da kowa zai riƙa bayarwa duk ranar kasuwa har in gama. Babu attajiri ko ɗaya a cikinsu. Mahaifina ya rayu shekara huɗu bayan haka, ya ga takardar shaidata da idonsa kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin mutanen nan bakwai.

Me ya sa ɗalibin injiniya ya fi saurin faɗuwa?

Na farko, karatun shekara biyar ne, alhali mafi yawan fannoni shekara huɗu ne. In aka haɗa da yajin aikin malamai, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai ya zama gida ya yi shekara shida yana ciyarwa ba a fara girbi ba. Na biyu, darussan a sarƙe suke kamar tubalin gini: wanda bai ci lissafin aji biyu ba, ba za a bar shi ya ɗauki darasin da aka ɗora a kansa ba, don haka rasa zango ɗaya yakan jawo asarar shekara. Na uku, akwai aikin ɗakin gwaji da na ɗakin ƙere-ƙere waɗanda dole sai mutum yana nan da jikinsa, ba a karanta su a gefen gadon asibiti. Na huɗu, a aji huɗu akwai horon masana'antu na kimanin wata shida, ɗalibi ne zai nemi wurin kwana da abinci a garin da ya samu gurbi. A shekarar ƙarshe kuma ga kuɗin kayan aikin bincike, ga kwamfuta wadda yanzu ta zama dole.

A ɗaya ɓangaren, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a harkar lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa kai tsaye. Ciwo irin su shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga da wankin ƙoda ba sa ƙarewa a mako ɗaya, cin dukiya suke yi a hankali. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da dama suka yi a wannan shekarar, abin ya ƙara tsanani. Idan aka ajiye kuɗin magani da kuɗin rajista a faifai ɗaya, kowane ɗa na gari magani zai zaɓa, kuma ya yi daidai. Aikinmu shi ne kada mu bari a kai shi ga wannan zaɓi.

A ƙasar Malawi an yi wani yaro, William Kamkwamba, wanda yunwar 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makarantarsa. Ya riƙa aron littattafai a ƙaramin ɗakin karatu, ya haɗa injin samar da lantarki daga iska da tarkacen keke da ƙarafan bola. Da labarinsa ya bazu, wasu suka ɗauki nauyin karatunsa har ya gama jami'ar Dartmouth a Amurka a 2014. Basirar tasa ce, amma sai da hannun wasu ya shiga kafin ta kai ga gaci. Yara nawa ne irinsa a Getso da Garo waɗanda ba wanda ya ji labarinsu?

Nasiha ga ɗalibai

Ya ku ƙannena, haƙƙin iyaye babba ne, kuma ba wanda zai ce ku bar mahaifi a kwance ku tafi neman digiri. Amma jinya nauyi ne na dukkan 'ya'ya da dangi, ana iya raba ta kwana-kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku faɗa wa dangi da liman halin da ake ciki tun da wuri. Idan dole sai kun bar makaranta, ku rubuta takardar jingine karatu ta hannun shugaban sashe, ku haɗa da shaidar asibiti, ku riƙe kwafi, kafin ranar jarrabawa.

Ku nemi haƙƙinku. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar bashin karatu, hukumar NELFUND ta fara karɓar masu nema a watan Mayun shekarar. Bisa dokar, bashin ba shi da ruwa, kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma ku sani bashi ne, wanda ya ci da niyyar biya ya ci. Sannan ku riƙe sana'ar da ta dace da karatunku, kamar haɗa wutar sola ko gyaran waya ko jan wayar lantarki a gidaje. Wanda ya iya riƙe sukundireba tun yana ɗalibi ya fi fahimtar abin da ke cikin littafi.

Kira ga iyaye da masu hali

Abu huɗu nake roƙo. Na ɗaya, kowane masallacin Juma'a a Gwarzo da Kabo ya samu mutum uku amintattu da za su rubuta sunayen ɗaliban kimiyya da fasaha na yankinsu, su san wanda iyayensa ke kwance ko suka rasu. Ba a taimakon wanda ba a san da shi ba, kuma masu kunya sun fi masu roƙo bukata.

Na biyu, zakka. Mu manoma ne, mun san abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala kuma ɗaya cikin ashirin, idan ya kai nisabi. Gidan da jinya ta cinye wa jari ya shiga sahun matalauta, wanda ya ci bashi don magani ya shiga sahun masu bashi, duka biyun kuwa suna cikin waɗanda aka ambata a rabon zakka. Maimakon a raba kwano-kwano ga mutum ɗari, a duba yiwuwar tsayar da gida ɗaya da ƙafafunsa. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, malamanmu kuma suna nan don yi mana bayanin hukunce-hukuncen.

Na uku, taimako ba kuɗi kaɗai ba ne. Mai mota ya kai mara lafiya asibiti, matashi ya karɓi kwanan jinya a makon jarrabawa, maƙwabta su yi gayya su nome gonar wanda ke kwance don kada a jinginar da ita. Injiniyoyinmu da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja su nema wa yara gurbin horo, su ba su masauki.

Na huɗu, rigakafi ya fi magani. Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar. Duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa zuwa ana auna shi, wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A kuma bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha a yi rajista tun ana lafiya. Da an auna mahaifina shekara guda kafin ya faɗi, wataƙila da bijimansa ba su je kasuwa ba, amma Allah Shi ne Masani.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum bakwai marasa ƙarfi sun ishe ni, kuma na tabbata babu unguwar da za a rasa bakwai irinsu. Ina roƙon kada mu tashi daga wurin nan sai kowace unguwa ta ba da sunan wanda zai fara wannan rubutu, a kuma sa ranar da za a dawo a ji inda aka kwana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya sa iliminsu ya amfani al'umma. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.